Shagon aika kaya na unguwarmu a Birmingham: aiki mai kyau, sai dai gardama

Shekara takwas ke nan ina aika wa ƙanwata kaya zuwa Jamus ta wani ƙaramin shago da ke bakin titinmu. A da, miƙa kwali kawai nake yi, a auna, in biya, in kama gabana. Tun da Birtaniya ta fice daga kasuwar Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, kowane kwali sai an cika masa takardar kwastan, CN22 ko CN23, a rubuta abin da ke ciki da kuɗinsa.

A nan mai shagon ya burge ni. Dattijo ne mai haƙuri, tare muka cika takardar layi-layi. Ya ce in nuna cewa kyauta ce, domin kyautar da ba ta wuce Yuro 45 ba, ba a karɓar haraji a kanta. Ya kuma sa na cire cukun da na cusa a ciki, don an hana aika nama da kayan madara zuwa can. Da ban ji maganarsa ba, da an ƙwace.

Abin da ya dame ni shi ne jira. Mai shagon ya zaɓi a fice daga Tarayyar Turai a ƙuri'ar raba-gardama ta 2016, matarsa da ke riƙe da sikeli ta zaɓi a zauna, kuma har yau ba su gama gardama a kai ba. Ya ce kashi 52 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yanke hukunci, ita kuwa ta nuna masa tarin takardun da ke gabansa. Minti arba'in na yi a tsaye.

Kwalin ya isa Hamburg cikin kwana tara, abin da a da kwana uku ne. Zan koma, amma da sassafe, kafin su fara.