Bayan an kayar da Sanders: a zauna a jam'iyya ko a fice?

Ana yawan tambayata: ɗan ra'ayin talakawa a Amurka da ya ji haushin yadda jam'iyyar Democrat ta tsayar da Hillary Clinton takarar shugaban ƙasa a 2016 maimakon Sanata Bernie Sanders, me ya fi masa? Ya danne zuciya ya zaɓe ta, ko ya bi Jill Stein ta jam'iyyar Green?

Ficewa ta fi sauƙi, zuciya ta huce nan take. Haɗarin ne babba. A Michigan, jihar da Sanders ya ci a zaɓen fid da gwani, Trump ya kayar da Clinton a babban zaɓe da tazarar ƙuri'a dubu 10 da ɗoriya, Stein kuwa ta kwashi sama da dubu 51. A duk ƙasar, Stein ta tashi da kusan kashi 1 cikin ɗari, alhali sai da kashi 5 ake samun kuɗin kamfe daga gwamnati.

Zama akwai ɗaci, ni ma da ƙyar zan haɗiye shi. Amma ya yi rana: mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa ya shiga manufofin jam'iyya, a 2018 kuma Ocasio-Cortez, mai ra'ayi irin na Sanders, ta kayar da Joe Crowley, jigon jam'iyya a majalisar wakilai, daga cikin gida.

Mazaunin jihar da ake kankankan, zama ya fi masa. Wanda ke Kalifoniya, inda sakamako sananne ne, ba abin da zai rasa in ya fice.