Wata uku ina amfani da abin ɗumama ido mai aiki da USB, ga abinda na gani

Jama'a barkanmu. Tun da na sayi abin nan nake so in yi rubutu a kansa amma nace bari in bari sai na yi amfani da shi sosai tukuna, don abin ido ba abin gaggawa bane, yanzu wata uku kenan cif kusan kullum sai na ɗaura shi, toh inaga na isa in yi magana. Abin kamar irin wanda ake rufe ido da shi lokacin barci yake, sai dai shi akwai 'yar waya a cikinsa da ke ɗaukar zafi idan ka jona shi da USB, yana da matakin zafi uku da agogon da ke kashe shi da kansa.

Aikina na kwamfuta ne, daga safe har yamma ido na kan sikirin, in an tashi kuma a ɗauki waya. Kusan shekara biyu idona na damuna, da yamma sai in ji kamar an watsa min yashi, ga yaji-yaji, gefen fatar idon yayi ja, da safe in tashi da kwantsa ta manne gashin ido. Hazbiya kuwa sau uku ta fito min cikin shekara ɗaya. Abinda yafi ɗaure min kai shine idon hawaye yake zubarwa, musamman in iska ta buge ni ko na zauna gaban fanka, shi yasa ranar da likitan ido tace min bushewar ido ke damuna nace mata likita ai ni hawaye ne ya min yawa, ta ina ido mai zubar da ruwa zai bushe? Bayanin da ta min ranar shine dalilin da yasa na sayi abin, kuma in ban kawo shi nan ba ba za a gane wanda abin zai yiwa amfani da wanda ba zai yiwa ba.

Ashe hawayen da ke kwance a kan ido kullum ba ruwa bane zalla, hawa uku ne. Na ƙasa wani abu ne mai yauƙi da ke sa ruwan ya kama jikin ido ya shimfiɗu. Na tsakiya shine ruwan, yawancinsa daga wata 'yar jaka yake fitowa da ke can sama ƙarƙashin ƙashin gira ta wajen gefen kunne, kuma ruwan ba haka kawai yake ba, akwai gishiri da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta a ciki, ɗaya daga ciki shine lisozayim wanda Alexander Fleming ya gano a 1922 tun kafin ya gano fenisilin. Na sama kuma maiƙo ne, siriri sosai, aikinsa ya rufe ruwan kar ya ƙafe da wuri. Wannan maiƙon daga cikin fatar ido yake fitowa, akwai wasu 'yan buhunan mai dogaye a jere a tsaye cikin fatar, wajen 30 a ta sama, ta ƙasa kuma sun ɗan gaza haka, bakinsu na buɗewa a bakin fatar daidai bayan gashin ido. Sunan wani likitan Jamus ake kiransu da shi, Heinrich Meibom, wanda ya yi bayaninsu a 1666. Duk ƙiftawar da kayi cikakkiya fatar na matse su su ɗan saki mai, sannan ta shafe shi a kan idon gaba ɗaya.

Toh ni nawa sun toshe. Man da ya kamata ya fito tsinkakke ya daskare ya zama kamar man goge baki, da likitar ta ɗan matsa fatar da wani ɗan tsinke mai auduga tana dubawa ta cikin na'urar nan mai fitila da ake ɗora haɓa a kai, tace wasu ma babu abinda ke fitowa. Ta ɗiga min wani ruwa mai launin rawaya tace kar in ƙifta, tana ƙirga daƙiƙa nawa hawayen zai yi kafin ya tsage, tace ana so ya kai 10 ko fiye, nawa bai kai rabin haka ba. Ruwan na ƙafewa da sauri, gaban ido ya bushe, jijiyoyi su kai ƙara, sai jakar hawaye ta sako ruwa da yawa lokaci guda, ruwan da babu mai a kansa, ya zubo a kumatu ya bar idon yadda yake. Kun ga inda hawayen nawa yake fitowa. Ga kuma sikirin, mutum a zaune haka nan yana ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya ƙura wa kwamfuta ido sai ya ragu sosai, wanda ake yi ɗin ma rabi-rabi ne fatar sama ba ta taɓa ta ƙasa, buhunan ba su samu matsi ba balle su saki mai.

Kafin nan na sha sayen maganin ɗigawa kala-kala, wasu na sa ido yayi fari tas na ɗan lokaci sannan jan ya dawo fiye da da, wasu kuma hawayen roba ne masu kyau amma sauƙin na minti ashirin ne. Yanzu na gane dalili, ruwa nake ta ƙarawa alhali murfin ne babu.

Likita tace in riƙa gasa idon kullum. Na fara da tawul da ruwan ɗumi, gaskiya wannan hanyar tana da wahala, minti biyu tawul ya huce sai ka sake tsomawa, kuma abinda ake buƙata shine ɗumi wajen digiri 40 ya zauna a kan fatar kamar minti 10 ba yankewa, don daskararren man sai ya ji ɗumi fiye da na jiki kafin ya narke. Anan ne abin nan ya burge ni, kuma shine babban abinda zan yabe shi da shi: zafin baya sauka. Ka jona, cikin minti ɗaya ya ɗau ɗumi, ya tsaya a haka har agogo ya kashe shi. Ni matakin tsakiya nake sawa minti 10 da dare kafin in kwanta, in na cire sai in wanke hannu in ɗan shafa fatar sama daga sama zuwa ƙasa, ta ƙasa kuma daga ƙasa zuwa sama wajen gashin ido, a hankali, sannan in goge bakin fatar da auduga mai tsabta.

Satin farko wallahi ban ga komai ba, har na fara tunanin na yi asarar kuɗi. Abinda na lura da shi kawai in na cire gani na yin dishi-dishi na 'yan mintuna, na tsorata na tambaya aka ce man ne da ya narke ya bazu a kan ido, in bai daɗe ba ba komai. Wajen sati na uku na fara lura da yamma ban damu da murza ido ba, kwantsar safe ta ragu. Yanzu a wata na uku ina iya kaiwa ƙarshen aiki ba tare da yajin nan ba yawancin ranaku, hawayen roba da nake ɗigawa sau shida ko bakwai ya koma sau biyu, hazbiya ba ta sake fitowa ba. Ban ce na warke ba, akwai lokacin da na yi tafiya na manta shi kwana biyar, kafin in dawo yashin ya fara dawowa. Da na koma asibiti likitar ta sake matsa fatar tace man ya fi fita yanzu, amma buhunan da suka riga suka shanye saboda daɗewa a toshe ba lallai su dawo ba, wannan maganar ta tsaya min a rai sosai, da na san haka da ban yi shekara biyu ina jinkiri ba.

Yanzu inda bai min ba. Matakin zafi na sama ya yi yawa, sau ɗaya na gwada fatar idona ta yi ja har washegari, kuma fatar ido ita ce mafi siranta a duk jikin mutum, ba ta jure abinda fatar hannu ke jurewa, ni a ganina bai kamata ma su saka wannan matakin ba, ko kuma su rubuta gargaɗi ƙarara, takardar da ke cikin kwalin layi biyar ce kawai ba ta ce komai a kan haka ba. Na biyu ɗumin bai kai kusurwar ido ta wajen hanci sosai, tsakiya yafi samu, sai na riƙa ɗan gyara zamansa. Wayar gajera ce, dole ka zauna kusa da soket ko ka riƙe fawa bank a cinya. Rigar da ke kansa ana cirewa a wanke amma guda ɗaya suka saka, kuma abu ne da ke taɓa ido kullum yana shan mai da gumi, ya kamata ace biyu ne, ni dai duk bayan kwana uku nake wankewa, kuma bana ba kowa aro ko ɗan gida ne.

Sai igiyar ɗaurawa, wadda ita ce tafi damuna, don tana da ƙarfi tana danna abin a kan ƙwayar ido. Dalilin damuwata shine koniya, wato tantanin nan garai-garai kamar gilashi da ya rufe baƙin ido ta gaba. Kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita ne kacal, faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa haske kafin ya shiga cikin ido, wato siffarsa ita ce ganinka, in ta ɗan canza gani ya canza. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, shi yasa yake garau, iskar da yake shaƙa ta cikin hawayen da ke kansa take shigarsa, kun ga kenan bushewar ido ba ƙaramin abu bane gare shi. Jijiyoyin jin zafi kuwa ya tara su fiye da kusan ko'ina a jiki, shi yasa ɗan gashin ido ɗaya in ya faɗa sai ka rasa sukuni. Abu mai laushi irin wannan a haɗa masa zafi da danniya kullum ba dabara bace, likita ma ta ja min kunne kar in danna ƙwayar idon lokacin shafawa, fatar kawai. Don haka na sassauta igiyar har ƙarshe, in kwanta rigingine in bar abin ya zauna da nauyinsa. Wanda aka taɓa cewa koniyarsa ta yi siriri ko tana tsini, ko mai hawan jinin ido, ko wanda aka yiwa aikin ido kwanan nan, don Allah kar ya saya sai ya tambayi likitansa. Mai sa gilashin nan na manne a ido kuma ya cire shi kafin ya ɗaura.

Wani ɗan abu da na koya a hanya, tunda har yanzu ina haɗawa da hawayen roba. Ku duba madubi ku ɗan ja fatar ido ta ƙasa, a kusurwar da ke wajen hanci za ku ga wani ɗan rami kamar bakin allura, akwai irinsa a fatar sama, ta nan tsohon hawaye ke bi ya shiga wata 'yar jaka a gefen hanci ya gangara ta bututu zuwa cikin hanci. Shi yasa mai kuka hancinsa ke zuba, kuma shi yasa wani lokaci kana ɗiga magani a ido sai ka ji ɗacinsa a maƙogwaro. In ka ɗiga sai ka rufe ido ka ɗora yatsa a wannan kusurwar minti ɗaya ko biyu, maganin zai fi zama inda ake so. Kuma in kana ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ka nemi wanda babu sinadarin hana lalacewa a ciki, irin masu zuwa a 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya, don sinadarin kansa in ya yi yawa yana cin fuskar koniya.

Wa zan ce ya saya? Wanda aka duba aka tabbatar masa buhunan man fatar idonsa ne suka toshe, kuma zai iya jure yi kullum ko bai ga sauyi ba a sati biyun farko. Bushewar ido ba iri ɗaya bace, akwai wanda ruwan ne jikinsa baya samarwa isasshe, wannan ɗumi ba zai masa wani abin kirki ba, akwai kuma mai ƙaiƙayin alaji wanda zafi ma ƙara masa zai yi, shi sanyi yake so. In kuma ido na ciwo mai tsanani, ko baka iya kallon haske, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko ka ga wani farin ɗigo a kan baƙin ido, wannan ba maganar gasa ido bace, asibiti za ka nufa a ranar, gyambon koniya baya jira.

A cikin biyar na ba shi huɗu, ɗayan na cire ne saboda igiyar da matakin zafin nan na sama. In za ku saya ku duba wanda aka rubuta digirin kowane mataki a jikinsa, mai kashe kansa, kuma wanda rigarsa ke cirewa, nawa in ya lalace irinsa zan sake nema amma mai doguwar waya.