Gwajin cututtukan kaska a jinin shanu: wanne ya cancanci kuɗinka?

Saniya ta ƙi kiwo, jiki ya yi zafi, fitsari ja kamar zoɓo. Kafin ka aika jini Vom ko Zariya, ka fara sanin abin da kake so gwajin ya gaya maka, don a nan ne masu garke ke zubar da kuɗi.

In dabba ɗaya ce ta kwanta, madubin likita yakan wadatar. A shafa jini a gilashi, a rina da rinin da ake kira Giemsa, a ga sakamako ranar, kuma shi ne mafi araha. Sai dai a ɗebi jinin daga bakin kunne ko ƙarshen wutsiya, saboda Babesia bovis, ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar kaska masu sa jan fitsari, tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, da wuya a gan ta a jinin wuya.

Gwajin PCR kuwa DNA, wato ƙwayar halittar cutar, yake nema, ko da ɗan kaɗan ne zai tono shi. Shi ya dace in za ka sayi bijimi, ko za ka shigo da shanun Turai cikin garke. Amma ina roƙonka ka lura da wannan: shanunmu da yawa lafiyarsu ƙalau, alhali suna ɗauke da wasu ƙwayoyin cutar kaska, Theileria mutans ko Theileria velifera, waɗanda ba kasafai suke kayar da dabba ba. Takarda za ta nuna akwai su, ka yi ta allura, alhali sammore ne ko ciwon hanta ke cin saniyar. Haka kuma gwajin PCR da ya dogara da wani sashen DNA mai suna 18S kaɗai yana iya cewa "Babesia" ya tsaya nan. Ka tambaya ko za su bambance maka nau'o'inta biyu, bovis da bigemina, ko sai an karanta jerin DNA, wanda kuɗinsa daban ne.

Gwajin RLB, wanda shi ma DNA yake nema, kuma aka fitar da na Babesia da Theileria na shanu a 1999, yana gano ƙwayoyi iri-iri lokaci guda, amma aikin masu bincike ne. LAMP, wani gwajin DNA da Japanawa suka ƙirƙiro a 2000, zafi ɗaya yake so, wajen digiri 60 zuwa 65, don haka ba ya bukatar injin mai tsada. Aibinsa, ɗan gurɓata kaɗan sai ya ba da sakamakon ƙarya.

Kowanne ka zaɓa, a ɗebi jini kafin a yi allurar Berenil, a zuba a kwalbar EDTA (sinadarin hana jini daskarewa) mai murfi shuɗi-ja, a sa cikin ƙanƙara. Kwalbar heparin, wani sinadarin hana jini daskarewa, tana hana PCR aiki.