Kai Ƙarar Kalaman Ƙiyayya a Facebook: Abin da Tsarin Ke Iyawa da Inda Yake Gazawa

Ranar 7 ga Janairun 2025 Mark Zuckerberg, shugaban Meta mai mallakar Facebook, ya sanar cewa na'urorin kamfanin Meta za su mayar da hankali kan manyan laifuka, wato ta'addanci, lalata da yara, miyagun ƙwayoyi da damfara. Laifukan da kamfanin ke gani ba su kai waɗannan ba kuwa, sai wani ya kai ƙara kafin a duba. Wannan ya ƙara wa ɗigo ukun nan da ke saman kowane rubutu nauyi sosai. Mai ganin an zagi ƙabilarsa ko an kira mabiya addininsa dabbobi, ba zai zauna yana jiran na'ura ta gano ba. Shi ya sa ya dace a auna wannan hidima hawa-hawa: kai ƙarar farko, neman a sake dubawa, da ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ake kira Oversight Board, wadda ke sake duba hukuncin Meta.

Abu na farko da ke sa mutane fushi da tsarin shi ne rashin sanin ma'aunin da yake aiki da shi. Ƙa'idar Meta mutum take karewa, ba ra'ayi ko aƙida ba. Ta hana kai wa mutane hari saboda launin fata, ƙabila, ƙasar asali, addini, naƙasa, jinsi, ko wata muguwar cuta da suke fama da ita. Mafi tsananin laifi a wannan babi shi ne cire mutane daga ɗan-adamtaka: kamanta su da ƙwari, ɓeraye, ƙazanta ko annoba, ko cewa dukkansu 'yan ta'adda ne. Na biye da shi shi ne kiran a ware su, a hana su aiki, muhalli ko zaɓe. Amma sukar addini kansa, ko littafi, ko wata hukuma, ko da ta yi zafi, ba ta shiga wannan babin kai tsaye ba.

Wannan shi ne wurin da tsarin ya fi cin karo da tunanin mai karatu a Kano ko Zinder. Mutum ya ga ɓatanci ga abin da ya fi ƙauna a duniya, ya kai ƙara, amsa ta dawo cewa rubutun bai saɓa ƙa'ida ba. Ciwon da ya ji gaskiya ne, kuma yana da damar ƙin yarda da ma'aunin. Sai dai ya kamata ya san cewa idan ya shiga ƙarƙashin rubutun ya ce a kashe mai shi, ko ya wallafa hotonsa da unguwarsu, to shi ne ya faɗa babin tunzura tashin hankali, kuma wannan babi ya fi na ƙiyayya saurin hukunci. A nan muna ganin Meta ta yi daidai. Kisan Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022, wanda ya biyo bayan saƙon murya a wani zauren WhatsApp na ɗalibai, ya isa ya nuna abin da kiran jini ke haifarwa idan ya bar waya ya shiga titi.

Yadda ake kai ƙarar ba shi da wuya, amma kurakurai uku ne ke kashe yawancinta. Na farko, kai ƙarar shafin mutum gaba ɗaya maimakon takamaiman rubutun ko tsokacin. Mai dubawa ba zai bi shekarun rubutun mutum yana neman laifi ba. Abin da aka ɗora masa a gaba shi zai duba. A latsa ɗigo ukun da ke kan rubutun, ko a danne tsokacin har zaɓi ya fito. Na biyu, zaɓen babin da bai dace ba. Barazanar kisa tana ƙarƙashin tashin hankali, zagin mutum ɗaya da sunansa yana ƙarƙashin cin zarafi da tsangwama, zagin jama'a saboda asalinsu shi ne ƙiyayya. Na uku, gayyar jama'a. Meta ta sha faɗi cewa yawan masu ƙara ba shi ke sa a cire rubutu ba, kuma tura adireshin rubutun zuwa zauruka goma domin a taru a kai ƙara ƙarin masu kallo kawai yake jawo masa. Kafin a latsa komai a ɗauki hoton fuskar waya a kuma kwafi adireshin, don mai rubutun yana iya gogewa ko gyarawa. Wanda aka kai ƙararsa ba ya ganin sunan mai ƙara.

Amsa tana zuwa cikin akwatin da ake kira Support Inbox, a ƙarƙashin sashen taimako. Idan an ƙi cirewa, galibi akwai zaɓin neman a sake dubawa. Kada a tsallake wannan mataki, domin in babu shi ƙofar hukumar sama ba ta buɗewa. Rauni babba a nan shi ne ba kowace ƙara ke isa idon mutum ba. Hukumar da kanta, a hukuncin da ta yanke a Janairun 2024 kan wani rubutu mai musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, ta gano cewa an rufe wasu ƙararraki ta na'ura ƙarƙashin tsarin da aka kafa tun lokacin korona, kuma tsarin na nan yana aiki har cikin 2023. Ko idan ƙarar ta isa hannun mutum ma ba a tsira ba. A wani zanen bidiyo da ya nuna Sabiyawa a matsayin ɓeraye ana kore su daga garin Knin na Kuroshiya, an kai ƙara fiye da sau 390 ba a cire ba, sai da hukumar ta shiga a 2022.

Ga wanda aka cire wa rubutu, tsarin hukunci ya fi na da sauƙi tun gyaran Fabrairun 2023. Laifin farko gargaɗi ne. Daga na biyu zuwa na shida ana hana wasu abubuwa na ɗan lokaci, kamar rubutu a zauruka. Na bakwai hanin wallafa komai na kwana 1, na takwas kwana 3, na tara kwana 7, daga na goma kwana 30. Alamar laifi tana faɗuwa bayan shekara guda. Manyan laifuka ba sa bin wannan tsani, suna iya jawo rufe shafi nan take. Kuskuren da ya fi cin 'yan jarida da masu wa'azi shi ne sake wallafa mugun kalami da nufin yin tir da shi ba tare da sun rubuta tir ɗin ba. Ƙa'ida ta yarda a kawo kalaman ƙiyayya don a la'ance su ko a wayar da kai, amma sai niyyar ta fito fili. Hoton zagi da alamar hawaye kaɗai a samansa bai isa ba. A rubuta jimla cikakkiya: wane ne ya faɗa, kuma me ya sa ake ƙin maganar.

Yanzu ga inda hidimar ta fi rauni, wato harshe. Hausa ba ta zagi a miƙe kullum. Akwai habaici, akwai zambo, akwai gugar zana, inda kowa a gari ya san da wa ake amma babu kalma ɗaya da za a kama. Akwai kuma akasin haka. Babarbare ya ce wa Bafulatani bawansa ne, Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bagobiri ya yi wa Bayarabe ba'a. Wasan barkwanci ne da ya daɗe yana sanyaya zama, amma a idon wanda bai san al'adar ba, ko a fassarar na'ura, kalaman ƙasƙanci ne tsagwaronsu. Kalmar "aboki" a bakin Bahaushe zumunci ce, a wasu tsokaci daga kudancin Najeriya kuwa ana jefa ta ne don raina ɗan Arewa. Meta tana da jerin kalmomin zagi na kowace kasuwa, amma jeri ba ya jin sautin murya. Ƙara a kan haka yawancin masu rubutu ba sa saka ƙ da ɗ da ɓ, suna taƙaita kalmomi, suna cuɗa Hausa da Turanci ko Faransanci, kuma mafi zafin magana a bidiyo take fitowa, ba a rubuce ba.

Akwai shaida mai ƙarfi daga Najeriya kan abin da wannan giɓi ke jawowa, ko da yake ba a Hausa ya faru ba. A Oktoban 2024 hukumar ta yanke hukunci kan wani bidiyo na wasu maza biyu da aka lakaɗa wa duka bisa zargin neman jinsi ɗaya, fuskokinsu a bayyane, jini na zuba. Bidiyon ya shafe watanni yana yawo, miliyoyi sun kalla, mutane da dama sun kai ƙara. Na'urar Meta ta ɗauka Turanci ake yi, ma'aikatanta daga baya suka ɗauka Suwahili ne, alhali Ibo ake magana. Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan abin da aka zarge su da shi, wannan bidiyon azabtarwa ne, kuma kunnen da ya kasa tantance harshen miliyoyin mutane shi ne dai zai saurari ƙarar da aka kai kan hari a Zamfara ko Filato. Tun 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikicin Filato na watan Yunin shekarar. Masu duba rubutun yankinmu ma'aikatan kwangila ne; cibiyar kamfanin kwangila mai suna Sama da ke Nairobi ta daina wannan aiki a 2023, ma'aikata sama da 180 kuma suka kai ƙara kotu a Kenya. Aikin da ake yi cikin sauri da matsin lamba ba zai tsaya warware habaici ba.

Hawa na uku shi ne mafi inganci kuma mafi ƙunci. Hukumar ta fara karɓar ƙara a Oktoban 2020, da kuɗin da Meta ta zuba cikin wani asusun amana, dala miliyan 130 da farko. Cikin mambobinta na farko akwai Helle Thorning-Schmidt, tsohuwar firaministar Denmak, da Tawakkol Karman ta Yaman, da Afia Asantewaa Asare-Kyei ta Ghana. Tana duba Facebook da Instagram da Threads, ban da WhatsApp. Bayan hukuncin ƙarshe na Meta ana ba da lambar shaida, kuma kwana 15 kacal ake da su a shigar da ƙara a shafin hukumar. Idan an zaɓi ƙarar, mutum biyar ke zama a kanta, hukunci yakan fito cikin kwana 90, kuma dole Meta ta bi shi a kan wannan rubutun. Shawarwarin gyara ƙa'ida kuwa ba dole ba ne, amsa kawai take bayarwa cikin kwana 60.

Ingancin yana cikin yadda take auna magana. Tana dogara da sashe na 19 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da na siyasa, da ma'aunin Rabat na 2012 mai tambayoyi shida: a wane yanayi aka yi maganar, wane ne mai ita, me yake nufi, me ya ce kuma ta yaya, ina ta kai, kuma shin tana iya jawo cuta. Da wannan ma'auni ta goyi bayan cire rubutun da ya zargi fararen hula 'yan Tigray da ta'asa ba tare da hujja ba a 2021, domin yaƙi ake yi a Habasha. Ta kuma ce a mayar da bidiyon da aka ɗauka bayan harin cocin Owo na Yunin 2022, a sa masa gargaɗi, domin wayar da kai ne. A Maris na 2024 ta shaida wa Meta cewa yadda take goge kalmar "shahidi" ta Larabci ya wuce gona da iri, kalmar da ta fi kowace jawo cire rubutu, kuma kamfanin ya amince ya gyara. Wannan gyara ya shafi duk Musulmin da ke rubuta ta'aziyya. A Afrilun 2025 ta soki sauye-sauyen Janairu, waɗanda suka sassauta ƙa'ida kan baƙin haure da jinsi, tana cewa an yi su cikin gaggawa.

Ƙuncin kuma yana cikin lissafi. Daga buɗe ta zuwa ƙarshen 2021 ta karɓi ƙararraki sama da miliyan ɗaya, ta fitar da hukunci 20, ta soke matakin Meta a 14. Kusan rabin ƙararrakin daga Amurka da Kanada suka fito, kason Afirka kudu da Sahara kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ba wurin neman a mayar wa mutum rubutunsa gobe ba ne. Tana zaɓen ƙarar da za ta zama misali ga dubban irinta, don haka bayanin da mai ƙara zai rubuta shi ne makaminsa. Kada ya cika shi da ɓacin rai. Ya kawo jimlar yadda take da Hausa, ya fassara ta, ya bayyana abin da take nufi ga mutanen wurin, ya faɗi ko akwai rikici a garin a makon, ya faɗi yawan mabiyan mai maganar, ya kuma nuna cewa irin wannan kuskuren yana maimaituwa.

A ma'auninmu, maɓallin farko yana da amfani a kan barazanar kisa da zagin ƙabila na fili, yana da rauni a kan habaici da bidiyo, kuma ba zai biya buƙatar mai ƙarar ɓatanci ga addini ba. Neman sake dubawa ya cancanci mintin da yake ci. Hukumar sama ta fi dacewa da ƙungiyoyin 'yan jarida, lauyoyi da masu sasanta rikici waɗanda za su iya tara misalai su rubuta bayani mai kyau, kuma suna iya aika ra'ayi a lokacin da ta buɗe ƙofar jin ta bakin jama'a kan wata ƙara. Idan rubutu ya ambaci sunan mutum da wurin da yake tare da kiran a far masa, a kai ƙara a Facebook, amma a lokaci guda a sanar da mutumin da jami'an tsaro da masu unguwa, domin layin dubawa na iya ɗaukar kwanaki.