Teburin intanet ko teburin katako: amsa ga mai son jan wasa ana biyansa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakanin biyun da ka jera, wato ka zuba kuɗinka a littattafai da 'yan mutum-mutumi da taswirar shimfiɗawa ka nemi wurin zama ido da ido, ko ka gyara kwamfuta ka riƙa jan wasan Dungeons & Dragons ta intanet, ɗauki na intanet. Ga wanda bai san wasan ba, na ba da labari ne: mutum ɗaya yana jan labarin, sauran kowa yana taka rawar jarumi ɗaya a ciki. Duka biyun ina da kayansu a ɗakina a Kaduna, amma ɗaya ne yake yi mini cefane.

Dalilin farko shi ne inda masu biyan suke. Wasan nan a Amurka ya tashi, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974, kuma har gobe waɗanda za su ciro kuɗi su biya wani ya ja musu labari galibinsu a Amurka da Kanada da Ingila da sauran ƙasashen Turai suke. Abin da ya buɗe kasuwar ba wani sirri ba ne. Abokai biyar za su so yin wasa, kowa yana son ya zama jarumi, ba mai son ɗawainiyar karanta dokoki da tsara taswira da yin muryar kowane ɗan kasuwa da kowane dodo. Shirin Critical Role, inda ake nuna wasan a intanet, da ya fara a 2015 ya nuna wa mutane yadda wasa yake idan gwani ne ya ja shi, kullen korona na 2020 kuma ya kora kowa gaban kwamfuta. A shekarar ce shafin StartPlaying ya fito, inda mai jan wasa yake kafa teburinsa, ya sa farashin kujera, 'yan wasa su zo su saya. Kai da kake Kano ko Zariya, hanyar da za ka kai ga waɗannan mutanen ɗaya ce, ta waya.

Ni Foundry VTT, manhajar da take zama teburin wasa a allon kwamfuta, nake amfani da ita, kuma cikin duk abin da na taɓa saya don wannan sana'a ba wanda ya mayar mini da kuɗinsa kamarta. Ta fito a 2020, lasisinta dala 50 ne, sau ɗaya za ka biya, ba wata-wata ba. Mai jan wasa kaɗai yake saya. 'Yan wasa adireshi kawai za ka tura musu su buɗe a burauza. Abin da ya sa nake sonta shi ne yadda take sarrafa haske da duhu. Kana zana bango da ƙofa a kan taswira, kowane ɗan wasa kuma iyakar abin da fitilar jaruminsa ta haska yake gani a allonsa.

Akwai wani teburi da nake ja ranar Talata da dare: wata ma'aikaciyar jinya daga Sikotilan, wani direban babbar mota ɗan Folan da yake buɗe laftof ɗinsa duk inda ya faka ya kwana, mata da miji daga Holan, sai wani ɗalibi. Sun gaji da kurkukun ƙarƙashin ƙasa irin wanda kowa ya sani, sai na ɗauko musu wani abu daga gida. Na kai su wani birni mai ganuwa inda rijiya ɗaya ce tal, maciji ya hana ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako. Duk wanda ya san labarin rijiyar Kusugu ta Daura ya gane inda na samo, su kuwa ba su taɓa jin irinsa ba. Suka ɗaura igiya suka sauka ciki. Ma'aikaciyar jinyar ce a gaba, da tocilan ɗin icce a hannun jarumarta. Na ce ta jefa dayis, 'yar ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa a ga ko abu ya yi nasara, jifan bai yi kyau ba, na danna maɓalli ɗaya wutar ta mutu. Allonta ya yi baƙi ƙirin, sauran kuma suna can sama suna ganin bakin rijiya kawai. Na sassauta murya na ce tana jin wani abu mai sanyi yana goga mata ƙafa. Ihun da ta yi sai da direban ya cire abin kunnensa yana dariya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta a unguwarmu, inbata ta karɓa, ba wanda ya ma sani. Wannan teburin bai watse ba har yau, kuma biyu daga cikinsu su suka kawo mini mutanen teburin Alhamis.

Abu ɗaya ka sani game da Foundry: a kan kwamfutarka take zama, 'yan wasa su shigo ta layinka. Layukan waya na nan galibi ba sa barin na waje ya shigo kwamfutarka kai tsaye, ga shi kuma in wuta ta tafi wasan ya tafi. Don haka kar ka ajiye ta a gida. Ka kama haya a sabar, wato kwamfutar wani kamfani da take kunne a intanet dare da rana, irin The Forge da aka yi musamman don ita, ka riƙa biyan ɗan wani abu a wata. Ko layinka ya yanke, taswira tana nan, 'yan wasa su ɗan yi hira kafin ka dawo. Murya kuma ta manhajar hira ta Discord. In dala 50 ta yi maka nauyi a farko, wata irinta mai suna Roll20 tana nan tun 2012, ana fara ta kyauta, sai dai hasken da na ba ka labari sai mai biyan wata-wata yake samu. Owlbear Rodeo ma ta isa wanda taswira da dayis kawai yake so.

Yanzu lissafi, don kar ka ajiye aikinka gobe. Kujerun da nake gani galibi tsakanin dala 15 ne zuwa 30 a zama ɗaya, sabon shiga kuma daga ƙasa yake farawa. A ce ka sa dala 20, mutum biyar, dala 100 ke nan. Zaman awa uku ne zuwa huɗu, amma kafinsa akwai awa biyu ko uku na shiri, bayansa akwai amsa saƙonni, da sasanta wanda yake ganin an fifita jarumin wani a kan nasa. Shafin zai cire kasonsa, wajen canjin kuɗi a sake yankar wani abu, ga data, ga haya, ga littattafai. Teburi biyar a mako, in duk kujeru sun cika, dala 500 kafin a cire komai. Wanda yake biyan hayar gida a Landan ko Niyok wannan ba zai riƙe shi ba, shi ya sa da yawansu a can aikin gefe suka ɗauke shi, masu yinsa gadan-gadan kuma sai sun ja teburi takwas ko goma har murya ta dishe. A wurinmu kuɗin yana da auki. Amma kujeru ba sa cika kullum. Disamba mutane suna tafiya hutu, wani ya haihu, wani an canja masa lokacin aiki, teburi mai mutum biyar ya koma uku, ukun ma su fara sanyi. Watannin farko kuwa kusan kyauta za ka yi, kana tara taurari da sharhi a shafinka, don ba mai biyan baƙon da ba a taɓa yabawa ba.

Sannan kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da zazzaɓi yake jikinka, ranar da ake biki a gidanku, mutum biyar sun biya sun zauna suna jira. Wasa da abokai kana iya cewa yau ba na jin daɗi. Nan babu wannan.

Maganar lokaci ita ce za ta zaɓa maka kasuwa. Ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka sha biyun dare ne a nan lokacin zafinsu, ɗayan dare lokacin sanyinsu. Ka tashi wasa ƙarfe huɗu ko biyar, ga asuba ta kawo kai. Saurayi zai jure wata biyu, daga nan jiki ya fara kai ƙara. Ingila kuwa agogonmu ɗaya da su lokacin zafinsu, awa ɗaya suke bayanmu lokacin sanyinsu. Jamus da Faransa da Holan kuma agogonmu ɗaya lokacin sanyinsu, awa ɗaya suke gabanmu lokacin zafinsu. Ka nemi Turai tukuna, ka sa zama bayan isha'i. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke cikin rukunin nan, masu Faransanci a baki, ku ma akwai masu wasa da harshen. Turancinka ba sai ya zama irin na gidan rediyo ba, amma dole a ji ka rangaɗau. Makirfo mai kyau ya fi kyamara muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma ka samu ɗakin da ƙarar janareton maƙwabci ba ta shiga.

Teburin katako kuwa, to, yana da daɗi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Lokacin da nake karatu a Ingila na ga masu jan wasa a shagunan wasanni da wuraren shan shayi, da waɗanda ake ɗauka bikin ranar haihuwa ko taron ma'aikatan kamfani, kuma irin wannan kiran yana biya fiye da zaman intanet. Amma can ne. Akwatin 'yan mutum-mutumi da gine-ginen roba da na ɗauko daga can yana saman kwaba, ƙurar hunturu ta rufe shi, yaran gida ne kawai suke tambayarsa. A nan za ka biya wurin zama, ka biya abin hawa, ka sayi lemo, sannan ka yi ta bayani ga dattijon da ya leƙo ya ga dayis cewa ba caca ba ce, ba wanda yake cin kuɗin wani, ladan mai ba da labari kawai ake biya. In kana son ka tara abokai ranar Asabar, takarda da fensir da dayis saiti ɗaya sun isa, kuma horo ne mai kyau. Sana'a ce dai ban ga alamarta ba tukuna.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da mutane iri uku. Na farko masu tallar littattafai ɗari a fayil ɗaya kan kuɗin kati, ko lasisin Foundry a rabin farashi. Littattafan na sata ne, lasisin kuma ko dai na wani ne ko an sayar wa mutum goma. Ranar da za a rufe shi kana tsakiyar wasa da mutanen da suka biya ka. Ba ka ma buƙatarsu. Bayan rigimar lasisin da aka yi a Janairun 2023, kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar na wasan ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin Creative Commons, kowa yana iya ɗauka kyauta. Dokokin Pathfinder, wani wasa irinsa na kamfanin Paizo, su ma suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys. Littafin da za ka saya, ka saya a shafin D&D Beyond ko DriveThruRPG ko wurin kamfanin da ya buga shi. Ka kuma lura da bugu: akwai littafin dokokin 'yan wasa, Player's Handbook, na 2014, akwai wanda aka sabunta a 2024, kuma akwai mai sayarwar da zai tura maka tsohon da farashin sabo yana rantsuwa duk ɗaya ne.

Na biyu masu sayar da kwas, waɗanda za su nuna maka hoton alat su ce a wata uku za ka fi ma'aikacin banki. Ka ce su nuna maka shafinsu da sharhin 'yan wasansu. Yawanci daga nan hirar take mutuwa.

Na uku su ne suka fi haɗari: masu ba da hayar asusun karɓar kuɗi na ƙasar waje. Shigo da kuɗi gida shi ne wuri mafi santsi a sana'ar nan, kuma sun san haka. Za su ce a riƙa biya ta asusunsu su turo maka naira. Wata na farko su turo, na biyu su turo, randa kuɗin ya taru lambar ta daina shiga, kuma ba inda za ka kai ƙara don asusun ba sunanka ne a kai ba. Kafin ka sayi ko makirfo, ka shiga shafin da kake son aiki da shi ka karanta jerin ƙasashen da yake biya da hanyar da yake biya, ka tabbata akwai wadda za ta zo da sunanka. In babu, ka warware wannan tukuna. Haka nan ɗan wasan da ya ce ku fita daga shafin zai biya ka a ƙarshen wata, ka ce masa a'a cikin ladabi. Kuɗin kujera kafin zama ake karɓa.

Ga yadda zan kashe kuɗin da a ce ni ne kai. Makirfo da abin kunne, ƙaramar inbata ko babban batirin da zai riƙe laftof da rawuta awa biyar, layi biyu na kamfanoni daban-daban don in ɗaya ya yi sanyi ka koma ɗayan, sai lasisin Foundry da hayar sabar. Littafi ɗaya ya isa. Ka fara da gajeren wasa mai ƙarewa a zama ɗaya, ka ja shi ga mutane daban-daban har ya zauna maka a baki, farashi ƙasa-ƙasa, ka roƙi kowa ya rubuta sharhi. Cikin waɗanda suka dawo karo na biyu ne za ka haɗa teburin mako-mako. Kar ka ajiye aikin da kake yi sai teburi uku sun yi wata shida ba su watse ba. In ka shirya gajeren wasan ka yi mini magana ta akwati, zan zauna maka a kujerar ɗan wasa in gaya maka inda muryarka take faɗuwa.