Kafin ka sai takalmin taya na rawa da tsalle, karanta wannan

Ranar Asabar da yamma muna tireni da yara a wani daɓen siminti wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, sai ga wani bawan Allah ya tsaya da mashin, ɗansa na baya rungume da takalmin taya sabo fil a kwali. Ya ce min Malam ga shi na sawo mai, so yake ya iya irin juyin nan na katantanwa da yake gani a YouTube. Na karɓa na duba, na ce Alhaji Allah ya saka da alheri amma wannan na gudu ne a titi, ba na rawa ba. Wallahi sai da na ji ba daɗi ganin yadda fuskar yaron ta canza, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Wasan da yaron nan ke kallo, wato rawa da tsalle kan takalmin taya (artistic roller skating a Turance), wasa ne mai zaman kansa, akwai gasar duniya, hukumar World Skate ke kula da shi, wadda aka kafa a 2017 mai hedikwata a Lozan ta Suwizalan. An yi gasar a Faraguwai a 2021, aka yi a Kolombiya a 2023, sannan Italiya a 2024, kuma 'yan Italiya su ne gaba a harkar, ka nemi bidiyon Luca Lucaroni ko Rebecca Tarlazzi ka ga abin mamaki. To abin lura shi ne kusan duk manyan nan takalmin da ke ƙafarsu kwad ne, wato mai taya biyu gaba biyu baya da robar birki a baki.

Nan ne zaɓi na farko. Inlayin, mai tayu a jere, shi ya cika gwanjo, shi samari ke sawa suna bin bayan keke napep (abin da nake roƙon iyaye su hana, mun ga raunuka). Akwai inlayin na rawa kam, har ɓangarensa ake da shi a gasa, yawanci taya uku gare shi, ta tsakiya ta ɗan fi sauran sauka ƙasa don ya yi lilo, da birki a gaba, irin su Snow White da Pic Skate da Linea na Roll-Line. Amma wanda ke kasuwarmu ba shi ba ne, tayunsa a miƙe suke kuma birkinsa a dunduniya yake, ba abin da za ka doka ƙasa da shi ka tashi sama. Ni dai shawarata ga mai farawa kwad, babu wani dogon tunani.

Sai takalmin kansa, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Na gasa ba a haɗe ake sai da shi ba, takalmi daban, ƙarfen ƙasa da ake kira filet daban, taya daban, boris daban, sai a huda a ɗaura. Sunaye uku za ka ta cin karo da su: Edea da Risport na Italiya, sai Riedell na Amurka. Edea ba nauyi, kuma da zafi ake gyara shi ya bi siffar ƙafa, wanda hakan na nufin in ka bar shi a but ɗin mota cikin zafin Afrilu na Katsina to ka cuce shi. Risport da Riedell na fata sun fi nauyi kaɗan, suna ɗaukar lokaci kafin su saba da ƙafa amma in sun zauna sun zauna. Kowane kamfani na da mai taushi na 'yan koyo da mai tauri na masu tsalle su yi juyi biyu uku a sama, kuma don Allah kada son a ce ka sai mai tsada ya sa ka ɗauko wa yaro ɗan shekara 9 mai taurin, gwiwarsa ba za ta lanƙwasu ba, ƙarshe ya ce ƙafa na ciwo ya aje. Haka maganar "a ƙara lamba biyu zai girma a ciki", wannan a takalmin Sallah ne, a nan in dunduniya na wasa a ciki targaɗe ne. Ka sa ƙafar a kan takarda ka zana, ka auna da milimita, don lambar Edea ma da milimita take, 240, 245, haka.

Filet kuwa, roba ko alminiyam. Na taɓa sayen na roba a gwanjo wurin wani mai shago da ya rantse min ba abin da zai same shi, sati uku ina dira daga ƙaramin tsalle na ji ƙas, ya tsage daidai gindin kinfin (ƙusar da ke riƙe ƙarfen tayu a jikin filet), na tashi da gwiwar hannu a ɗaye. Ga yaro ƙarami mara nauyi roba na iya kai shi shekarar farko, amma babba ya nemi ƙarfe. Roll-Line shi ne aka fi gani a gasa, Variant na masu farawa, Mistral da Energy na gaba da shi. Ka tabbata birkin mai zare ne da ake iya ɗagawa a sauke, ka kuma tambayi kaurin aksil ɗin, don na Roll-Line milimita 7 ne, boris ɗin da muke samu cikin sauƙi a nan kuwa 608 ne na milimita 8, in ba ka lura ba sai kaya su iso ka rasa abin da za ka zura.

Taya ita ce ya kamata ɗan Katsina ya fi tsayawa a kai, saboda su can a fili mai santsi na katako ko siminti mai sulɓi suke wasa, mai faɗin mita 25 da tsawon 50, mu kuma daɓe muke da shi da tarazo da kwalta. Ta tsalle da juyi milimita 57 ce, ta rawa ta ɗan fi girma, wajen 63. Mai tauri ta gasa in ka hau kwalta da ita kwana kaɗan ta cinye, ga girgiza har haƙora. Ta waje mai taushi ce, za ka ga an rubuta 78A, ita kuma riƙe ƙasa take ba za ta bar ka ka yi juyi ba. Don haka seti biyu za ka saya, ba makawa. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya kan tarazo ya koma kamar an zuba sabulu, sai a share a goge kafin a hau, boris kuma a kwance a wanke a ɗiga mai marar kauri, kada a cusa giris ɗin mashin.

In da hali ka yi oda, ka roƙi shagon su ɗaura ma filet ɗin tun can, huda a karkace ba ta gyaruwa da daɗi, kuma ka haɗa da birki da bushin (robobin da ke jikin kinfin) na safaya a oda ɗaya tunda kuɗin jirgi da canjin yuro ne ke cin mutum. In gwanjo ne ka matse wuyan takalmin da hannu, in ya lanƙwashe kamar silifa ka aje.

Alhajin nan dai mun yi da shi zai maida wancan ya nemo kwad mai filet ɗin ƙarfe, na ara wa yaron tsohon na ƙanena kafin nan, jiya ya fara tsayawa da ƙafa ɗaya.