Shok ɗin babur: gyaran gida ko na makanike?

Da damina ta sauka a Legas, tambayar da 'yan acaɓa a Agege da Mile 12 suka fi yi min ke nan, domin ramuka da laka ba sa barin shok, wato abin da ke rage jijjigar hanya, lafiya.

Gyaran gida ya fi sauƙin kuɗi, mai da sil (robar da ke hana man shok zuba) kawai za ka saya. Goge sandar shok bayan kowane ruwa kuwa aikin kowa ne, yashin da ya maƙale ne ke cinye sil har mai ya fara zuba. Amma kwance shok ɗin gaba sai da sifana mai kyau da haƙuri. In man da ke cikin ƙafar shok ɗaya ya fi na ɗayar, tuƙi ba zai daidaita ba, in ya ɗiga kan birki kuwa abin ya zama haɗari.

Makanike zai karɓi kuɗin aiki, wani ma ya zuba maka baƙin man inji, don haka tsaya a kansa. Sai dai yakan gano sandar da ta lanƙwashe. Shok ɗin baya in ya mutu, a sauya biyun tare.

Mai kayan aiki da fili a gida, gyaran gida ya ishe shi. Wanda kullum yake kan titi neman abinci, makanike ya fi masa.